Gayyar da Ta Sauka a Gonar Inna Tsohuwa

Ga ta nan, ga ta nanku, 'ya'yana na cikin waya!

Ku amsa mana, ko kuna kishingiɗe ne. Yawwa, na ji ku: ta zo mu ji ta.

Wata yarinya ce ta aiko min da tambaya, wai, "Kaka Ladidi, mai bin Yesu da gaske zai iya buɗe baki ya ce wannan nawa ne, ba zan bar wa kowa ba?" Na yi dariya har sai da na ajiye wayar. 'Yar nan, ni ba malamar coci ba ce, boko ma ban yi nisa ba. Amma gyara zama ki ji yadda na kusa rasa miji a kan ƙwaryar fura.

Daminar 1978 ce, lokacin ma a jihar Kaduna muke. Ƙauyenmu Unguwar Mati, can bayan Tsiga, tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Mu Hausawa ne, iyayenmu suka karɓi Katolika. Babanmu Malam Sada shi ne katikis, shi ke jan addu'a ran Lahadi in Fada, limamin cocin, bai samu zuwa ba. Cocinmu ta laka ce mai rufin kwano, ƙararrawarta wani tsohon ƙarfen mota da aka rataye a jikin ɗorawa.

Danga ɗaya ta raba gidanmu da na Inna Tsohuwa, matar ƙanen Baba. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Gertrude, da gonar da ta fi ƙarfinsu. Gatu muke ce mata. Tare muka tashi, tabarma ɗaya, kwalbar kwalli ɗaya, ɗankwalina nata ne, nata nawa ne. Na ɗan girme ta, amma ba ta ce min Yaya sai in tana son wani abu.

Sai ga Hyacinth. Mu dai Hayasin bakinmu ya iya. Ɗan Ibo ne, amma a Funtuwa aka haife shi, Hausa a bakinsa har ta fi ta wasunku. Yana da rumfa a kasuwa, yana kawo mana taki, da kaka ya sayi masara da gyaɗa. In kun gan shi ran Lahadi! Babur ja, wando mai faɗin ƙafa yana sharar ƙasa, takalmi mai tudu, suma tuli guda da mataji a soke. Tun daga rafi nake jin ƙarar babur ɗin, sai in hau gyara ɗankwali.

In an tashi coci mukan tsaya a gindin ɗorawa mu yi zance. Budurwa ba ta tsayawa da saurayi ita kaɗai, don haka kullum Gatu na gefena tana min rakiya. Ku riƙe wannan. Mu uku mun san wadda ake zuwa dominta. Mutanen gari kuwa 'yan mata biyu suke gani da saurayi ɗaya.

Hayasin yana da wata magana da ba ya gajiya da ita. "Ladi, duk wanda kika ga yana motsi, kansa yake yi wa. Ni dai nawa a fili nake faɗa."

"Har Fada?"

"Fada ma Aljanna yake so. Kin taɓa ganin ya ce a ba wani kujerarsa a can?"

Ina toshe baki ina cewa ya ji tsoron Allah. A raina kuwa ina cewa, wannan ko ba komai ba zai min ƙarya ba.

To, wata Lahadi Fada ya zo, ya yi wa'azi a kan matan da mazansu suka mutu da marayu, har wasu tsofaffi suka yi hawaye. Hayasin ya fito yana ta kaɗa makullin babur, ya ce min, "Akwai abin da zan yi, Babanku zai san ni mutum ne." Na yi ta tambaya, ya ƙi faɗa. Ni kuwa na sa a raina gayya zai kawo gonarmu.

Ku 'yan birni bari in muku bayani. A wajenmu, saurayi in ya shirya neman aure, abokansa yake tarawa da makaɗi su je su nome gonar gidan su yarinya. Ana cikin aiki a kawo abinci na kowa da kowa, ita kuma yarinyar ta kawo masa ƙwaryar fura tasa daban, ta durƙusa ta miƙa. In ya karɓa ya sha a gaban mutane, magana ta ƙare, sai dai a jira manya su zo.

Ran Asabar da hantsi ina tankaɗe sai na ji ganga. Na watsar da rariya, na faɗa ɗaki, na zaro atamfata mai ganyen kuɓewa wadda ban taɓa ɗaurawa ba, na rambaɗa kwalli. Na fito ƙofar gida. Ga akori-kura cike da samarin Funtuwa da fartanyu, ga Hayasin a gaba a kan babur. Suka zo daidai gonarmu. Suka wuce.

Na ce ko ba su gane ba ne. Na ɗaga hannu. Ya ɗago min nasa yana washe baki, suka zarce suka sauka a gonar Inna Tsohuwa.

'Ya'yana, kun taɓa jin kunya da kwalliya a jikinku? Ta fi ta tsirara ciwo.

Ina tsaye ina leƙe ta danga na ga Inna Tsohuwa tana dama fura da sauri, tana ce wa Gatu, "Maza ɗaura zanen kirki, ke!" Na ga Gatu ta fito. Da ɗankwalina a kanta, mai ruwan goro, wanda ta ara tun Ista ba ta dawo da shi ba. Na bi bayanta daga nesa, na laɓe a bayan wata kuka. Ta durƙusa. Ta miƙa. Shi kuwa sakaran, rana ta gasa shi, hannuwa duk sun yi bororo don bai saba ba, ya karɓa ya kafa kai sai da ya ga ƙasan ƙwarya. Har da cewa, "Kai, Gatu, hannunki akwai daɗi!"

Mata suka rangaɗa guɗa. Makaɗi ya canza kiɗa. Hayasin ya ɗaga hannu yana gaishe su, shi a zatonsa aikin ladan da ya yi ake yaba wa.

Kafin rana ta yi sanyi duk Unguwar Mati ta ji Gatu ta yi miji. A bakin rijiya 'yan mata suna ce mata amaryar Funtuwa, tana rufe fuska tana murmushi. Murmushin nan! Da za a ba ni dama a ranar, da na goge shi da dutsen goge kaushi.

Na same ta a bayan rumbu tana ƙunsa lalle.

"Gatu, kin san wajen wa yake zuwa."

Ba ta ɗago ba. "Na san wajen wa yake zuwa da. Yanzu kuma kowa ya ga gonar da ya nome."

"Bai san al'ada ba ne."

"Ya dai sha, Yaya. Ban ɗura masa ba."

Kun ji Yayar ta fito? Nan na gane ba tura ta kawai aka yi ba. Duk tsayuwar da take yi a gefena a gindin ɗorawa, ba ƙasa take kallo ba.

Da la'asar Baba ya kira ni zaure. Yana zaune a kan buzu, carbinsa mai gicciye a hannu. Na durƙusa.

"Ladidi, na san yaron nan ke yake wa magana. Ba makaho ba ne ni. Amma Allah ya juya ƙafarsa zuwa gidan marainiya, gari kuma ya shaida. In aka ce kuskure ne, wa zai sake kallon Gatu? Ke kina da uba a raye, kina da kyau, wani zai zo. Ki bar mata."

"Baba, ina son sa."

"Shi ya sa barin zai zama lada. Ubangijinmu ransa ya bayar, ke saurayi ne ba za ki iya bayarwa ba? Kalmar nawa ba ta dace da bakin mai bi ba. Kuma ki sani, in ya turo manyansa a kanki, ba zan shimfiɗa musu tabarma ba."

Na tashi na fita. Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Na shiga coci ni kaɗai da rana tsaka, na durƙusa a kan daɓe, na ce, "Ya Yesu, ka cire min shi daga rai in ba Gatu." Ina rufe ido sai in gan ta a bayan babur ɗin nan ta riƙe masa riga, sai in ji addu'ar ta koma wani abu daban da ba zan faɗa muku ba. Tuwo ya daina wuce min. In na ji dariyarta ta danga sai in ƙara wa turmi ƙarfi har gero ya riƙa tsalle waje.

Ranar kasuwar Funtuwa na ce zan kai kuka da daddawa. Na hau motar kasuwa, na sauka, ban ko kwance kayan ba na nufi rumfarsa. Yana zaune a kan buhun taki yana shafa wa tafin hannunsa man kaɗanya.

"Ladi! Kin ga aiki? Me Baba ya ce?"

"Ya ce Allah ya ba ku zaman lafiya kai da Gatu."

Ya yi dariya. Da ya ga ban yi ba, ya bari. Na zayyana masa ma'anar gayya da ta fura tun daga farko har ƙarshe. Bakinsa ya buɗe har ƙuda ya kusa shiga.

"Fura ce fa kawai! Ƙishirwa nake ji!"

"To ka sha aure. Me ma ya kai ka gonarsu?"

"Lissafi na yi, Ladi, mai kyau kuwa. Fada ya ce a taimaki irin su Inna, Allah zai ji daɗi. Babanku katikis ne, zai ji daɗi. In masara ta yi kyau kuma, wa Inna za ta fara sayar wa? Ta samu, na samu, Allah ya samu. Wa aka cuta?"

"Ni."

Ya ajiye man kaɗanyar. Can ya ce, "Gobe zan je in ce kuskure ne."

"Ka je ka ce wa matar da mijinta ya mutu ba ka son 'yarta? Baba ko ƙofar zaure ba zai bari ka taka ba."

"To ke me kike so?"

Wallahi tun da abin ya faru babu wanda ya yi min wannan tambayar sai shi. Kowa abin da ya kamata in so yake faɗa min.

"Kai nake so. Kuma ba na son gonar Inna ta koma ciyawa. Ka yi musu alkawarin maimai?"

Maimai shi ne noma na biyu, in ba a yi shi ba aikin farko ya tashi a banza. Ya ce ya yi, Asabar mai zuwa.

"To ka zo. Ka zo da ƙishirwarka."

Ana gobe gayya na koma zaure na durƙusa gaban Baba. Ban so in yi abin a ɓoye ba.

"Baba, ku kuka koya mana a ajin baftisma cewa mu so ɗan'uwa daidai yadda muke son kanmu."

"Haka ne."

"To in aka ce kar in so kaina ko kaɗan, da wane mudu zan auna wa Gatu nata? Ba a ce in so ta in ƙi Ladidi ba. Kuma shi ba ɗankwali ba ne da zan ara mata. In na bar mata mutumin da ba ita yake so ba, me na ba ta?"

"Bakin ɗan kasuwan nan nake ji a bakinki."

Da na yi shiru a nan da ya fi. Amma kun san ni. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ku gafarce ni. In Gatu ta tafi Funtuwa, nauyin gidan Inna ya sauka daga kanku, a coci kuma a ce katikis ya hana 'yarsa ya ba marainiya. Ban ce laifi ba ne. Amma ku ma akwai naku a ciki."

Carbin ya tsaya a hannunsa. Bai mare ni ba, bai zage ni ba. Sai kawai ya ce, "Tashi ki ba ni wuri."

Bai ce kar in je ba. Da wannan na riƙe.

Asabar ta yi. Na daka furata da kaina, na sa citta da kanumfari, na sayi kindirmo wajen 'yar Fulanin da ke bi ta ƙofarmu, na dama a sabuwar ƙwarya na rufe da faifai mai ja da kore. Atamfar nan mai ganyen kuɓewa na sake ɗaurawa. Na ce tunda ta sha kunya, ta zo ta ga ƙarshen zance.

Masara ta kai gwiwa, kore shar. Samari sun jera, ganga na tashi, fartanyu na sauka tare. Da rana ta take aka tsaya hutu a gindin mangwaro. Inna Tsohuwa na raba dambu. Gatu ta taho ta gabas, lalle ya kama jajir, da 'yan kunne sababbi. Ni na ɓullo ta yamma, ta cikin kunyoyin masara. Makaɗi ne ya fara ganina, ya saki gangar. Wuri ya yi tsit, har kukan kurciya kana ji.

Muka iso gabansa tare. Muka durƙusa tare.

"Yaya," in ji Gatu a hankali, "wa kika kawo wa?"

"Wanda kika kawo wa."

Wani daga cikin samarin ya ce, "Hayasin, yau ka ga kasuwa!" Aka yi dariya, aka kuma haɗiye ta da sauri.

Kun san abin da ɗan kasuwan nan ya yi? Hannu biyu ya miƙo! Wai zai karɓi duka, kowa ya samu. Na janye tawa kaɗan, na dube shi cikin ido.

"Ɗaya."

Hannunsa na hagu ya koma. Ya karɓi tawa da dama, ya buɗe faifan, ya sha. Bai shanye ba wannan karon, ya koyi hankali. Ya ajiye, ya je gaban Inna Tsohuwa ya tsuguna.

"Inna, ki yafe min, rashin sani ne. Ladidi nake nema. Amma gonar nan ba don aure na taɓa ta ba, kuma ba zan sake ta ba. Duk damina zan kawo gayya, muddin ina da rai. Ke kuma in kin girbe, ni za ki fara kira."

Kowa ya zuba wa Inna ido. Na zaci za ta fasa kuka ko ta tsine mana. Ta dubi Gatu, ta dubi masarar nan da rabonta da yin kyau haka tun mijinta na raye. Ta goge hannu a zane.

"Duk damina ka ce?"

"Duk damina, Inna."

"To Allah ya yi albarka. Ku ci dambu kar ya huce."

Wannan ne ya karya Gatu, ba ni ba. Ta juya ta kalli uwarta kamar yau ta fara ganinta. Ta miƙe, ta tuntsurar da furarta a gindin masara a hankali har ta ƙare, ta kwance ɗankwalina daga kanta, ta ninke shi, ta ɗora min a cinya.

"Kin ci, Ladidi. Gobe Lahadi, sai ki je ki karɓi jibin Ubangiji a coci da wannan bakin."

"Zan je," na ce. "Ban ƙwace miki naki ba, Gatu."

Ta bi ta cikin gona kai ba ɗankwali, ba ta waiwayo ba. Zan ɓoye muku? Tausayinta ya kama ni. A ƙarƙashin tausayin kuma wani sanyi ne ke ratsa ni, irin na wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya. Duka biyun na ji, a lokaci ɗaya, kuma na je coci washegari na karɓi jibi, ƙasa ba ta tsage ba.

To 'yar nan mai tambaya, kin ji. Na ce nawa ne, kuma ban fasa bin Yesu ba. Amma kar wani ya ce miki kyauta ake faɗar kalmar nan.

Baba bai yi min magana ba sai da aka yi girbi. Da manyan Hayasin suka zo daga Funtuwa, shi da kansa ya shimfiɗa musu tabarma, aka ɗaura mana aure bayan Kirsimeti. Ya ci gaba da katikis har ƙarfinsa ya ƙare, amma bai ƙara yin wa'azi a kan sadaukarwa ina zaune a wurin ba. Inna Tsohuwa ta rayu har 1989, rumbunta bai taɓa zama wayam ba, kuma ba ta taɓa sayar wa wani masara kafin mijina ba. Hayasin ya cika alkawarinsa har shekarar da aka binne ta. Mun haifi 'ya'ya, mun ga jikoki, ya riga ni tafiya. Gatu ba ta zo bikina ba. Ta auri wani malamin firamare, Marcellinus, suka zauna a Dandume, ya riƙe ta da mutunci har ya rasu. Yanzu mu biyu muna Malumfashi, tsofaffi, benci ɗaya muke zama a coci. In aka zo wurin ba juna salama takan miƙo min hannu, amma kan yatsu kawai.